Daga Faris zuwa Kiel: Yadda Kyamarar Filin Haske ta Sami Gida a Masana'anta

A birnin Kiel, can arewacin Jamus a bakin tekun Baltik, akwai wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Raytrix wanda tun shekarar 2010 yake ƙera wata irin kyamara yana sayar wa masana'antu da ɗakunan binciken kimiyya. Ba a ganin kayansa a shagunan sayar da waya, ba a kuma ɗaukar hoton biki da su, saboda haka da wuya a sami wanda ya san sunansa in ba injiniya ba. Kamfanin da duniya ta sani da irin wannan kyamara shi ne Lytro na Kalifoniya, wanda ya nuna tasa a 2011, jaridu suka yi ta kururuta shi, masu zuba jari suka tara masa fiye da dala miliyan 200, amma a farkon 2018 ya rufe. Dabarar da ke cikin kyamarorin biyu tushenta ɗaya, ana ce mata ɗaukar filin haske. To, me ya sa mai kuɗi da suna ya durƙushe, wanda ba shi da ko ɗaya ya ci gaba da ciniki? Amsar da aka saba bayarwa ita ce wayar hannu ce ta cinye kasuwar Lytro. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina amsar ta tsaya a sama-sama. Tarihin wannan dabara, wanda ya haura shekara 100, yana nuna cewa kayan awo ce tun asali. Duk lokacin da aka ba ta aikin auna nisa da zurfi da siffa sai ta zauna daram, duk lokacin da aka ce ta fito da hoto mai kyau don kallo sai ta ba da kunya.

Ba za a gane dalili ba sai an san abin da kyamarar yau da kullum take zubarwa. Ibnul Haisam, malamin nan ɗan Basra da ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja cewa kowane ɗigo a jikin abin da haske ya taɓa yana watsa haske ta kowace fuska, a miƙe. Ya gwada hakan da fitilu: a jera su a gaban wata 'yar huda da ke shiga wuri mai duhu, sai kowace fitila ta bar tabon haskenta a bangon da ke fuskantarta. In aka rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Ke nan zaruruwan hasken sun bi ta huda guda ba su cakuɗe ba, kowanne ya riƙe hanyarsa. Sararin da ke gaban fuskar mutum cike yake da irin waɗannan zaruruwa, kowanne da wurin da yake ratsawa, da inda ya dosa, da ƙarfinsa da launinsa, kuma jimlarsu ita ce filin haske. Kyamarar da muka sani, ta fim ce ko ta waya, gilashinta yana tattaro duk zaruruwan da suka fito daga ɗigo ɗaya ya haɗe su wuri guda a kan allon karɓar haske, allon ya rubuta jimlarsu. Shi ke nan an san yawan hasken da ya sauka, amma labarin ta ina kowane zare ya biyo ya tafi har abada. Shi ya sa hoton da saitinsa bai yi daidai ba yake dawwama dishi-dishi, shi ya sa kuma hoto guda ba ya faɗin tazarar da ke tsakanin abin da ke gaba da wanda ke baya. Mai karatu zai iya ganin abin da ake asara da idonsa: ya miƙe yatsa a gabansa, ya rufe idon dama ya duba da na hagu, sannan ya sauya. Yatsan zai yi tsalle a kan bangon da ke bayansa, kuma girman tsallen shi ke nuna kusancinsa. Da za a iya riƙe labarin fuskar da kowane zare ya fito, da a ɗauka guda an sami kallo daga kusurwoyi masu yawa, a cikinsu kuma akwai nisan komai.

Wanda ya fara faɗin yadda za a yi haka shi ne Gabriel Lippmann, malamin fiziks a Jami'ar Sorbonne da ke Faris. A watan Maris na 1908 ya gabatar wa Majalisar Kimiyya ta Faransa shawarar a shimfiɗa ƙananan gilasai masu ɗimbin yawa a kan farantin ɗaukar hoto, kowanne ya zama 'yar kyamara mai zaman kanta, tana ganin abu ɗaya daga inda take. Shi da kansa ya kwatanta tsarin da idon ƙwaro. Burinsa shi ne in an wanke farantin aka haska shi, mai kallo ya ji kamar ta taga yake leƙawa: in ya karkata kai, abin da ke gaba ya matsa, wanda ke ɓoye a bayansa ya bayyana. A wannan shekarar ce aka ba shi lambar Nobel, amma saboda wata dabara daban ta ɗaukar hoto mai launi. Ita wannan ta ƙananan gilasan ta gagare shi, domin masu aikin gilashi na zamanin ba su iya ƙera dubban gilasai iri ɗaya cif-cif ba. Gwajin da ya yi bai wuce na 'yan gilasai kaɗan ba, ya kuma rasu a 1921 bai ga abin da yake so ba. Shekara goma bayan rasuwarsa Herbert Ives na Amurka ya nuna wata matsalar da ta ƙara dagula lamarin, wato hoton yana fitowa ne da zurfinsa a juye, na kusa ya koma nesa, na nesa ya dawo kusa. Abin da ya kai kasuwa da gaske daga wannan gida shi ne katunan nan masu fuskar roba layi-layi, waɗanda hotonsu ke sauyawa in an karkata su. Karo na farko ke nan da aka nemi dabarar ta zama hoton kallo, kuma iyakar inda ta kai ke nan.

A ɗaya ɓangaren kuwa, mutanen da babu ruwansu da kyan hoto suna ta cin moriyar tunanin ba tare da hayaniya ba. Andrei Gershun, masani a cibiyar binciken haske ta Leningrad, shi ya tsara lissafin filin haske a littafinsa na 1936, kuma damuwarsa ta masu haskaka gine-gine ce: nawa ne hasken da zai sauka a kan teburin aiki daga wannan fitila da waccan taga. Sai kuma Roland Shack da Ben Platt na Jami'ar Arizona, waɗanda a ƙarshen shekarun 1960 aka kawo musu matsalar sojojin saman Amurka masu son ɗaukar hoton taurarin ɗan Adam daga ƙasa, iska kuma tana murguɗa hasken kafin ya iso. Tun farkon ƙarni na 20, Bajamushe Johannes Hartmann yana gwada madubin hangen taurari da wani faifai mai huduji. Su kuma suka cire hudujin suka sa ƙananan gilasai a gurbinsu, suka wallafa aikin a 1971. Kowane gilashi yana tara haskensa ya yi ɗigo, kuma gwargwadon yadda ɗigon ya goce daga mazauninsa, gwargwadon yadda hasken ya karkata a wannan wurin. Tsarin Lippmann ne ƙashi da ƙashi, jeren ƙananan gilasai a gaban allo, sai dai babu wanda ke kallon ɗigogin don sha'awa. Lamba ake nema daga gare su. Wannan na'ura tana nan har yau a manyan maduban hangen taurari, tana gaya wa madubi yadda zai lanƙwashe ya gyara ɓarnar iska, tana kuma asibitocin ido, inda ake auna lahanin idon mutum da ita kafin a yi masa aiki da leza. Fiye da shekara 50 ke nan tana aiki, ba a taɓa jin an ce ta gaza ba don hotonta ba shi da kyau.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta 1992. Edward Adelson na cibiyar MIT, wanda shekara guda kafin nan shi da James Bergen suka bayyana cewa lambobi bakwai sun isa a siffanta duk abin da ido zai iya gani (uku na wuri, biyu na fuska, ɗaya na launi, ɗaya na lokaci), ya haɗu da John Wang suka harhaɗa kyamara mai babban gilashi a gaba, da jeren ƙananan gilasai a inda fim ya saba zama, da allon lantarki a bayansu. Wannan ita ce kakar duk kyamarorin filin haske na yau, kuma manufar da suka bayyana a fili ita ce a sami nisan abubuwa da gilashi guda maimakon kyamarori biyu. Don na'ura ta san zurfi aka yi ta. A 1996 Marc Levoy da Pat Hanrahan na Jami'ar Stanford, da kuma wasu masu bincike na Microsoft, suka nuna cewa a sararin da babu shinge lambobi huɗu ma sun isa, tunda zaren haske ba ya sauyawa a kan hanyarsa. Wannan ya sauƙaƙa lissafin ƙwarai, har 'yan Stanford suka jera kyamarori kusan 100 a wuri guda suna gwaji.

Daga wannan gida na Stanford Ren Ng ya fito, haifaffen Malesiya da ya tashi a Ostareliya. A 2005 ya ɗauki kyamarar Contax 645 mai allon ɗigo miliyan 16, ya ɗora masa faifan ƙananan gilasai 296 a tsaye, 296 a kwance, kusan 90,000 ke nan, kowanne yana rufe ɗigo wajen 14 sau 14 a ƙarƙashinsa. Da wannan ya nuna abin da ya girgiza masu hoto: a ɗauka sau ɗaya, daga baya a zauna gaban kwamfuta a zaɓi wurin da zai fito garau, fuskar da ke gaba ko wadda ke can baya. Aikin ya cancanci duk yabon da ya samu, har kundin digirinsa na 2006 ya ci kyautar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. Amma a cikin lambobin nan akwai farashin da ke bin wannan dabara duk inda ta je. Kowane ƙaramin gilashi ɗigo ɗaya yake bayarwa a hoton ƙarshe, saboda haka allon miliyan 16 ya haifar da hoton da bai kai ɗigo 90,000 ba. An ba da wajen 180 an karɓi ɗaya. Wannan ba sakacin maƙeri ba ne. Ɗigogin da ke kan allo ƙidayayyu ne, kuma kowanne dole ya yi ɗayan biyu, ko ya ba da labarin wani sabon wuri a jikin abin da ake ɗauka, ko ya ba da labarin wata sabuwar fuska da haske ya fito. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk wanda zai sayar da kyamarar filin haske, abin da yake sayarwa a zahiri shi ne wannan musaya, kuma cinikinsa ya dogara ne kacokan ga wanda ya ɗora wa biyan farashin.

Ng ya kafa kamfaninsa a 2006, daga baya aka sa masa suna Lytro, ya kuma ɗora farashin a kan mai ɗaukar hoton iyali da na yawon buɗe ido. Kyamarar da aka nuna a watan Oktoba na 2011, ta shiga kasuwa a farkon 2012 a kan dala 399, wani ɗan bututu ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa wajen santimita 11, gilashi a wannan ƙarshen, ɗan mitsitsin allon kallo a wancan. Tana kama zaren haske miliyan 11, amma hoton da ke fita daga cikinta 1080 sau 1080 ne, miliyan ɗaya da 'yan kai. A wannan watan na Oktoba ne iPhone 4S ta fito da kyamarar miliyan 8. Ba nan gizo ke saƙar ba ma. Ciwon da Lytro ta zo magancewa, wato kuskuren saiti, ba shi ne ke damun masu waya ba, domin gilashin waya ƙarami ne ainun, kusan komai daga tsawon hannu zuwa can nesa yana fitowa garau da kansa. Sannan sai an juye hoton a kwamfuta, da farko ma sai ta Mac kaɗai, a kalle shi ta manhajar kamfanin ko shafinsa, ana taɓa nan ana taɓa can saitin yana sauyawa. Mutum zai yi hakan sau biyu ko uku ya yi mamaki, daga nan ya nemi hoton da zai wanke ya rataye a bango, ya tarar na wayarsa ya fi. A 2014 kamfanin ya fito da wata kyamarar mai suna Illum a kan dala 1,599, tana kama zare miliyan 40 tana ba da hoton wajen miliyan 4. A 2015 kamfanin ya rage ma'aikata ya juya wa masu hoto baya, ya koma wa masu shirya fim da masu tabarau na duniyar kwaikwayo, har ya nuna wata ƙatuwar kyamarar silima mai ɗigo miliyan 755 a 2016. A ƙarshen Nuwamba na 2017 aka rufe shafin da ke ɗauke da hotunan jama'a, a watan Maris na 2018 kamfanin ya rufe, wasu daga ma'aikatansa suka koma Google.

'Yan Kiel sun bi wata hanya tun daga cikin cikin kyamarar. A 2009 Todor Georgiev na kamfanin Adobe da Andrew Lumsdaine na Jami'ar Indiana sun nuna cewa in aka sauya mazaunin ƙananan gilasan, aka sa su kalli hoton da babban gilashi ya kafa a cikin kyamarar, to kowannensu zai ɗauki ɗan cikakken hoto na wani yanki, yankunan maƙwabta kuma suna hawa kan juna. Kusurwoyin kallo sun ragu, ɗigogin hoto sun ƙaru. Kyamarar Raytrix irin wannan ce, amma Christian Perwass da Lennart Wietzke, waɗanda suka kafa kamfanin, sun ƙara wani abu nasu da suka bayyana a wata takarda ta 2012: maimakon gilasai iri ɗaya, sai suka gauraya iri uku, ɗaya na ganin kusa, ɗaya tsakiya, ɗaya nesa, aka jera su a tsari mai kusurwa shida. Da haka zurfin da ke fitowa garau ya faɗaɗa, hoton kuma yana iya kaiwa rubu'in ɗigogin allon, wato allon miliyan 29 ya ba da wajen miliyan 7. Wanda ya ga ɗanyen hoton da ke fita daga irin wannan kyamara ba zai ce hoto ba ne. Dubban da'irori ne manne da juna, kowace da ɗan guntun abu a ciki. Gefen kan kusa ɗaya zai bayyana a da'ira biyar ko shida da ke maƙwabtaka, a kowace ya ɗan goce daga inda yake a ta kusa da ita, a wasu garau, a wasu dishi-dishi. Manhaja ce ke bin wannan gefen daga da'ira zuwa da'ira tana auna gocewar, daidai da tsallen yatsa tsakanin ido biyu, ta fitar da nisansa. Lissafin yana da nauyi, kuma abin da ya sa ya yiwu nan take shi ne katunan sarrafa hoto da aka ƙera don wasannin kwamfuta, waɗanda tun wajen 2007 kamfanin Nvidia ya buɗe hanyar sa su kowane irin lissafi. Abin da mai saye ke karɓa biyu ne: hoto wanda komai ya fito a cikinsa, da taswirar tsayi, inda kowane launi ke wakiltar wani awo.

A duba wanda ke sayen wannan. A cikin ƙananan na'urorin lantarki da ke manne a fanel ɗin waya ko na mota akwai wasu wayoyi na zinare ko tagulla ko alminiyon, waɗanda suka fi gashin kai siranta, suna haɗa ƙwayar silikon da ƙafafun na'urar. Kowace tana tashi ta yi baka ta sauka. In bakan ya yi tsayi da yawa zai taɓa murfi, in ya kwanta da yawa zai taɓa gefen ƙwayar ko maƙwabciyarsa, wuta ta haɗu, kayan ya lalace. Kyamarar da ke kallo daga sama layi kawai take gani, mai tsayi da mai kwanciya duk ɗaya ne a wurinta. Ga shi kuma duk lokacin da aka ƙara girman abu a gilashi, zurfin da ke fitowa garau raguwa yake, har ya zama in ƙwanƙolin bakan ya fito, gindinsa ya ɓace. Ana iya ɗaga kyamara ana saukewa a ɗauki hotuna da yawa, amma wannan yana cin lokaci, layin aiki kuma ba ya jira. Ana iya kafa kyamarori biyu, amma sai an sami wurin da za su zauna, sai an riƙa daidaita su da juna duk lokacin da zafi ko girgiza ya motsa ɗaya, kuma wata wayar tana tare wa ɗayar kyamarar gani. Ita kyamarar filin haske ido ɗaya ne, ɗauka ɗaya, babu abin da ke motsi a cikinta. Shi kuwa mai kula da ingancin kaya, asarar kashi uku cikin huɗu na ɗigogi ba ta hana shi barci, domin filin da yake kallo bai wuce 'yan milimitoci ba, kuma abin da yake so ya ji shi ne wannan ya wuce, wannan a fitar da shi. Kyamarar da ta kai dubban yuro ba ta da tsada a wurin wanda ke auna ta da kuɗin kayan da za a dawo masa da su.

Haka lamarin yake a ɗakunan bincike, inda sau da yawa masana ke harhaɗa tasu kyamarar da kansu. Masu nazarin gudun iska da ruwa suna watsa ƙananan ƙwayoyi a cikin abin da ke gudana, su haska su da leza sau biyu a jere cikin ƙiftawar ido, su auna yadda kowace ƙwaya ta matsa. Don a sami wannan a tsaye da kwance da zurfi, hanyar da aka saba ita ce a kewaye wurin da kyamarori wajen huɗu. To amma ɗakin ƙonewar mai na inji, ko bututun gwajin iska mai tsananin gudu, sau da yawa 'yar taga ɗaya gare shi. Shi ya sa Brian Thurow da ɗalibansa a Jami'ar Auburn ta jihar Alabama suka duƙufa kan yin wannan awo da kyamarar filin haske guda, suka wallafa sakamakonsu a 2015. A fannin halittu kuma, Levoy da abokan aikinsa sun sa jeren ƙananan gilasai a cikin madubin binciken ƙananan halittu a 2006. A 2014 wasu masana na Biyana da na MIT suka yi amfani da wannan hanya suka kalli ƙwayoyin jijiya suna aiki a lokaci guda a duk jikin wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, wadda ƙwayoyin jijiyarta 302 ne, da kuma ƙwaƙwalwar jaririn kifin zebra, suna ɗaukar dukkan zurfin sau 20 a daƙiƙa. Madubin da ke bi hawa-hawa ya fi wannan fitar da hoto garau nesa ba kusa ba, amma kafin ya kai hawan ƙasa, abin da ke faruwa a na sama ya wuce. A nan lokaci ya fi kaifin hoto tsada, saboda haka musayar ta zama riba.

Wani zai ce Lytro ta yi sammako ne kawai, da ta jira alluna suka ƙara girma da ta ci nasara. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Daga miliyan 11 zuwa miliyan 40 allon Lytro ya ninka kusan sau huɗu, rabon kuma bai sauya ba, wajen ɗaya cikin goma. Duk girman da allo zai ƙara, kyamarar yau da kullum ita ma tana samunsa, kuma ita ba ta raba shi da kowa. Tazarar tana nan a kowane zamani, mai sayen hoto kuma kullum yana kwatanta abin da ke hannunsa da na maƙwabcinsa.

Suka ta biyu ta fi wannan wayo. Za a ce ai dabarar ta ci nasara a hannun jama'a, sai dai ta shigo ta bayan gida. A 2013 Canon ta fito da kyamarar 70D wadda kowane ɗigo na allonta an raba shi biyu a ƙarƙashin ɗan gilashinsa, rabi yana ganin hasken da ya biyo ta hagun babban gilashi, rabi na dama. Wannan filin haske ne a mafi ƙanƙantar siffarsa, kusurwa biyu tak. A 2017 wayar Pixel 2 ta Google, inda Levoy yake aiki a lokacin, ta yi amfani da irin waɗannan ɗigogi wajen dusashe bayan mutum a hoto da kyamara guda. A 2020 kuma Ren Ng, wanda ya koma koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, yana cikin waɗanda suka fito da dabarar NeRF, wadda ke koyon filin hasken wuri daga hotuna na yau da kullum. Duk wannan gaskiya ne, kuma na yarda cewa miliyoyin mutane suna yawo da jikar dabarar Lippmann a aljihu. Amma a duba aikin da take yi a can. Rabin ɗigon hagu da na dama ana kwatanta su ne don a san nisa, a gaya wa gilashi inda zai tsaya, ko a gaya wa manhaja ina mutum ya ƙare ina bango ya fara. Da an gama wannan sai a haɗe su wuri guda, hoton ya fito cikakke. Ko a cikin waya, matsayin da ta samu na ma'auni ne, aka kuma ba ta daidai gwargwadon abin da ba zai taɓa hoton ba.

Suka ta uku ita ce wadda ba ni da cikakkiyar amsarta, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ko a masana'antar, kyamarar filin haske 'yar tsiraru ce. Yawancin awon siffa a layukan aiki ana yinsa ne da layin leza da ke share kaya, ko da zanen haske da ake haskawa a kansu, ko da kyamarori biyu, ko da na'urar da ke auna lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo. Dalilan kuma na gaske ne. Duk kusurwoyin da kyamarar filin haske ke gani suna cikin faɗin bakin gilashinta ne, 'yan santimitoci ko ƙasa da haka, saboda haka awonta yana da kaifi a kusa, yana lalacewa da sauri in abu ya yi nisa. Tana kuma buƙatar abin da za ta bi daga da'ira zuwa da'ira. In aka sa mata farar takarda sumul ko ƙarfe mai sheƙi wanda babu tabo ko gefe a jikinsa, ba ta da abin kamawa, sai an haska masa wani zane. Ga tsada, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Wanda ya ce tsira a irin wannan ɗan lungu ba abin buga ganga ba ne, ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara kawai shi ne lungun ba na aro ba ne, yanayin haske ne ya yanka mata shi, kuma a cikinsa da wuya a sami wadda ta kai ta: abu ƙarami, a kusa, mai zurfi, mai motsi ko mai sauyawa da sauri, wanda ƙofa ɗaya ce ta kallonsa.

Saboda haka injiniya ko malamin jami'a da aka kawo wa tallan irin wannan kyamara don ɗakin gwajinsa, kada ya tsaya kallon yadda saiti ke tsalle daga gaba zuwa baya a allon kwamfuta, domin wannan ne ya ruɗi masu zuba jarin Lytro. Ya ɗauko ainihin abin da yake son aunawa ya sa a gabanta, ya nemi a ba shi awon da milimita ko abin da bai kai ba, ya kwatanta da wani ma'auni da ya amince da shi. In kayansa a tsaye suke, ga fili ga lokaci, to layin leza ko kyamarori biyu za su yi masa aikin da kuɗi kaɗan. In kuwa abin yana gudu, yana da zurfi, kuma taga ɗaya ce tak, ya saya.